Yadda Ake Bin Sawun Buƙatun Faifai a Direban Kanel Mai Kwafa Bayanai Zuwa Wata Na'ura

Direban faifai na gama-gari, wato manhajar da ke shiga tsakanin tsarin fayiloli da faifai, aikinsa a bayyane yake: tsarin fayiloli ya miƙo masa buƙatar karatu ko ta rubutu, ya tura wa faifai, idan faifai ya amsa sai ya mayar da amsar sama, shi ke nan. Amma da zarar an ɗora wa direban nauyin kwafa kowane rubutu zuwa wata na'ura ta hanyar sadarwa, sai lissafin ya sauya gaba ɗaya, domin buƙata ɗaya ta koma tana da makoma biyu waɗanda ba sa jiran juna. Faifan gida yana iya kammala rubutu alhali ƙunshin bayanan bai ma bar na'urar ba, takwarar da ke can nesa tana iya amsawa tun faifan gida bai ce uffan ba, sannan haɗin da ke tsakanin na'urorin biyu yana iya tsinkewa a kowane mataki.

Misalin da ya fi dacewa a yi nazari a kansa shi ne DRBD, direban da ke yin irin wannan kwafi a Linux, aikin Philipp Reisner da Lars Ellenberg na kamfanin LINBIT da ke birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, wanda ya shiga kanel ɗin Linux na hukuma, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'ura, tun fitowa ta 2.6.33 a watan Fabrairun 2010. Bayanin da ke tafe ya dogara ne kan jerin 8.4, kuma mai son ya bi da idonsa zai tarar da mafi yawansa a fayiloli biyu, drbd_req.h da drbd_req.c, a ƙarƙashin drivers/block/drbd. Tambayoyin da DRBD ya amsa su ne dai za su tari duk wanda ya ɗauko rubuta direba irin wannan, ko da kuwa bai taɓa buɗe waɗannan fayilolin ba.

Fara da tantance lokacin da za a ce an gama

Kafin ka rubuta layi ɗaya na kod, zauna ka amsa wannan tambaya: yaushe ne ya halatta ka gaya wa tsarin fayiloli cewa rubutunsa ya kammala? DRBD ya ba da amsoshi uku, mai na'ura ne ke zaɓa. A yarjejeniyar A, rubutu ya kammala idan faifan gida ya rubuta kuma ƙunshin ya shiga ma'ajiyar aikawa ta TCP, ƙa'idar da ake tura bayanai da ita a hanyar sadarwa, a na'urar gida. A yarjejeniyar B, sai takwara ta shaida cewa ƙunshin ya iso ƙwaƙwalwarta. A yarjejeniyar C, wadda ita ce aka fi amfani da ita, sai faifan takwara ma ya rubuta. Abin lura shi ne cewa ana ɗaure wa kowace buƙata irin amsar da take jira tun a lokacin da aka ƙirƙire ta, ta hanyar tutar RQ_EXP_RECEIVE_ACK ko RQ_EXP_WRITE_ACK, ba a komawa duba saitin na'ura a lokacin da amsa ta iso. Dalili kuwa shi ne saiti yana iya canzawa buƙata tana kan hanya, kuma bai kamata a yi mata hukunci da dokar da ba a aike ta a kanta ba.

Daga nan sai ka raba abubuwa biyu waɗanda masu farawa kan gwama su. Na farko shi ne sallamar mai buƙata, wato lokacin da za a kira bio_endio a kan buƙatar asali domin tsarin fayiloli ko rumbun bayanai ya ci gaba da harkarsa. Na biyu shi ne rushe buƙatar kanta a mayar da gurbinta na ƙwaƙwalwa. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara, wani lokacin mai tsawo, wadda a cikinta mai buƙata ya riga ya tafi, amma direba yana riƙe da bayanin buƙatar saboda bai samu cikakken tabbaci cewa takwara ta adana ta ba. Wanda ya haɗe su wuri ɗaya, ko dai ya jinkirta sallama ba gaira ba dalili har na'ura ta yi nauyi, ko kuma ya manta da rubutun da ya kamata a sake kwafawa bayan haɗi ya yanke. Na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba, domin babu wata ƙara da yake yi: faifan biyu za su saɓa wa juna, kowa kuma yana ganin komai daidai yake.

Tutoci masu zaman kansu maimakon mataki ɗaya

Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya jera matakai, daga sabuwa zuwa an aika, zuwa an amsa, zuwa an gama, ya ajiye lambar matakin a cikin buƙatar. Wannan ba zai kai ka ko'ina ba, domin ɓangaren faifai da ɓangaren sadarwa kowanne da nasa tafiyar, kuma idan ka ce sai ka ba kowace haɗuwa tasu suna, jerin zai yi ta ninkuwa har ya fi ƙarfin mai karatu. Abin da DRBD ya yi shi ne ya ajiye lamba guda mai suna rq_state, ya mai da kowane bit nata, wato gurbin da ke ɗaukar 0 ko 1, tuta mai amsa tambaya ɗaya tak.

A ɓangaren faifan gida akwai tutoci huɗu. RQ_LOCAL_PENDING tana nufin an miƙa wa faifai ana jira, RQ_LOCAL_COMPLETED tana nufin faifai ya amsa, RQ_LOCAL_OK tana nufin amsar ta nasara ce, RQ_LOCAL_ABORTED kuma tana nufin direba ya daina jiran faifan da ya maƙale. A ɓangaren sadarwa, RQ_NET_QUEUED tana nuna cewa buƙatar tana layin zaren aikawa (zare a nan shi ne aikin da ke gudana da kansa a cikin kanel), RQ_NET_SENT tana nuna an miƙa ta ga TCP, RQ_NET_PENDING tana nuna ana jiran amsar takwara, RQ_NET_OK tana nuna amsar ta yi kyau, RQ_NET_DONE kuma tana nuna babu sauran abin da sadarwa za ta ƙara faɗa a kanta. Duba yadda aka ware kammalawa daban, nasara daban, a kowane ɓangare. Buƙatar da aka tayar mata da RQ_NET_DONE ba tare da RQ_NET_OK ba ita ce wadda haɗi ya yanke da ita ko takwara ta ƙi ta, kuma wannan bambancin ne kacokan ake dogara da shi wajen sanin wuraren da faifan biyu suka saɓa.

Shawarata ita ce ka rubuta, a cikin fayil ɗin da ka bayyana tutocin, wace haɗuwa ce ke yiwuwa wace ce ba ta yiwuwa, sa'annan ka mai da waɗanda ba sa yiwuwa gwaje-gwaje a cikin kod masu kai ƙara ga rajistar kanel idan an karya su. Bayanin da ke cikin sharhi kawai yakan tsufa ba wanda ya lura.

Ƙofa ɗaya, makulli ɗaya

A nan ne gizo ke saƙa. Aƙalla ɓangarori biyar ne ke da hannu a kan buƙata guda: zaren da ya shigo da ita daga sama, fankshin ɗin da faifai ke kira idan ya gama wanda sau da yawa yake gudana a cikin katsewa, wato lokacin da faifai ya katse wa kanel aiki don ya sanar da shi, zaren aikawa, zaren karɓar amsoshin takwara, da agogon sa ido. Idan ka bar kowannensu yana taɓa tutoci da kansa, to ka shirya neman kuskuren da ba ya bayyana sai sau ɗaya a cikin dogon lokaci. Dokar ita ce babu wanda ke taɓa tuta. Kowa rahoton abin da ya gani yake kawowa, kamar COMPLETED_OK daga faifai, ko HANDED_OVER_TO_NETWORK daga zaren aikawa, ko WRITE_ACKED_BY_PEER daga zaren amsoshi, ko CONNECTION_LOST_WHILE_PENDING idan haɗi ya faɗi. Fankshin guda, __req_mod, shi ke karɓar rahoton ya yanke waɗanne tutoci za a sauke waɗanne za a tayar, sai ya miƙa wa mod_rq_state ya aiwatar, kuma duk wannan yana faruwa ne ana riƙe da makulli ɗaya mai suna req_lock, wanda ke hana zare biyu taɓa buƙata a lokaci guda.

Amfanin wannan ƙofa ɗaya ya wuce tsafta, domin a cikinta ne ake ɗaure tutoci da ƙidaya. Kowace buƙata tana da ƙidaya biyu daidai da ƙarshenta biyu: completion_ref tana ƙirga abubuwan da suka hana a sallami mai buƙata, kref kuma tana ƙirga abubuwan da suka hana a rushe ta. Duk lokacin da tutar jira ta tashi, ƙidayar da ta dace tana ƙaruwa da ɗaya, duk lokacin da ta sauka tana raguwa da ɗaya, kuma ana yin haka ne ta kwatanta halin da ake ciki kafin canji da abin da aka nema, ta yadda tayar da tutar da take a tashe ba ya ƙara komai. Saboda haka ba sai an rubuta doguwar tambaya a kowane lungu ana cewa shin faifai ya gama, shin takwara ta amsa, shin an dakatar da aiki ba. Idan ƙidaya ta kai sifili an gama, ko da wane tsari rahotannin suka iso.

Ɗauki rubutu na KiB 4 a sekta ta 2048 a ƙarƙashin yarjejeniyar C mu bi shi. Ana ƙirƙirar buƙatar da completion_ref a kan 1, wanda shi ne riƙon zaren da ya shigo da ita, da kref ita ma a kan 1. Rahoton TO_BE_SENT ya tayar da RQ_NET_PENDING, ƙidayar sallama ta zama 2. QUEUE_FOR_NET_WRITE ya tayar da RQ_NET_QUEUED, ta zama 3, a lokaci guda kuma ya tayar da RQ_EXP_BARR_ACK, tutar jiran amsar shinge da za a bayyana a sashe na gaba, wadda ta kai kref zuwa 2. TO_BE_SUBMITTED ya tayar da RQ_LOCAL_PENDING, ta zama 4, sai zaren shigarwa ya saki riƙonsa ta dawo 3. Daga nan faifan gida, da zaren aikawa, da amsar takwara kowanne zai rage ɗaya a lokacin da ya ga dama. Idan na ƙarshensu ya iso, an sallami tsarin fayiloli, kref ta sauko zuwa 1, buƙatar kuma ta ci gaba da zama a jerin aikawa tana jiran amsar shinge. Wancan riƙon farko na zaren shigarwa ba ado ba ne, shi ne ke hana faifai mai sauri ya kammala buƙatar a rushe ta alhali ana tsakiyar shirya ta.

Akwai wani tsere da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne dalilin da ya sa RQ_NET_QUEUED take da nata riƙon. Zaren aikawa yana tura ƙunshi ba tare da yana riƙe da makulli ba, tunda turawa tana iya ɗaukar lokaci. Idan hanyar sadarwa mai sauri ce, takwara tana iya rubutawa ta amsa, zaren amsoshi ya kawo rahoton WRITE_ACKED_BY_PEER, duk kafin zaren aikawa ya dawo ya ce ya aika. Wato an samu amsar saƙo kafin a rubuta cewa an aika shi. Da a ce tutar layi ba ta riƙe komai, da an sallami mai buƙata, ya sake amfani da shafukan ƙwaƙwalwar da zaren aikawa bai gama da su ba. Kada ka taɓa rubuta kod da ke ɗaukar cewa aikawa dole ta riga amsa a idon direba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne kada ka kira bio_endio kana riƙe da makulli. Abin da ke sama yana iya amfani da wannan kiran ya turo sabuwar buƙata nan take, wadda za ta nemi makullin da ke hannunka, na'ura ta sandare. DRBD yana cike wani ƙaramin tsari mai suna bio_and_error a cikin makulli, ya saki makullin, sannan ya yi sallamar. Haka kuma gurbin buƙata daga mempool, wato ƙwaƙwalwar da aka keɓe tun farko, ake ɗauko shi da GFP_NOIO, tutar da ke hana kanel taɓa faifai yayin neman ƙwaƙwalwa, domin neman ƙwaƙwalwa ta hanyar da za ta iya jawo rubutu zuwa faifan da kake hidimtawa hanya ce ta ɗaure kai.

Zanguna da shinge

Rumbun bayanai da tsarin fayiloli masu rajista sun dogara ne kan alkawari ɗaya: idan sun jira rubutu na farko ya kammala kafin su turo na biyu, ba za a taɓa samun na biyu a faifai babu na farko ba. Dole takwara ta kiyaye wannan alkawari, in ba haka ba kwafin da ke hannunta ba shi da amfani ranar da aka buƙace shi. Amma tilasta mata ta rubuta komai ɗaya bayan ɗaya zai kashe sauri. Mafita ita ce a kasa rubuce-rubuce zango-zango. Kowace buƙata tana karɓar lambar zangon da ake ciki idan ta shiga jerin aikawa, kuma da zarar an sallami wani rubutu na zangon da ake ciki, sai a rufe zangon a buɗe sabo, tunda daga wannan lokacin duk rubutun da zai zo yana iya kasancewa ya dogara da wanda aka sallama. Ana kuma rufe zango idan rubuce-rubucensa sun kai iyakar max-epoch-size, wadda asalin saitinta 2048 ne. A cikin zango ɗaya takwara tana da 'yancin rubutawa yadda ta ga dama, amma tsakanin zanguna sai ta kammala na baya, ta hanyar tilasta wa faifai ya zubar da abin da ke ma'ajiyarsa ko ta jira duk rubutun da ke gudana ya ƙare.

Zaren aikawa yana tura ƙunshin P_BARRIER, wato shinge, a bakin kowane zango, takwara kuma tana mayar da P_BARRIER_ACK ɗauke da lambar zangon da yawan rubuce-rubucen da ta gani a cikinsa. Kada ka karɓi wannan amsa ido rufe. Ka gwada lambar da ta zangon da ya fi tsufa a jerinka, ka gwada adadin da abin da ka ƙirga, idan ɗaya ya saɓa ka ɗauke shi a matsayin karya yarjejeniya ka yanke haɗin, kamar yadda tl_release yake yi. Idan sun dace, kowace buƙata ta zangon tana samun rahoton BARRIER_ACKED, RQ_NET_DONE ta tashi, riƙon ƙarshe ya saki. A yarjejeniyar A, inda ake tayar da RQ_NET_OK tun lokacin miƙa ƙunshi ga TCP bisa kyautata zato kawai, wannan amsar shingen ita ce shaida ɗaya tilo ta gaskiya cewa rubutun ya isa.

Idan haɗi ya yanke ko faifai ya gaza

Idan haɗi ya faɗi, ana bin jerin aikawa daga farko zuwa ƙarshe, a kai wa kowace buƙata rahoton CONNECTION_LOST_WHILE_PENDING. Wannan rahoto yana sauke RQ_NET_PENDING domin a sallami masu jira, yana tayar da RQ_NET_DONE, sannan yana sauke RQ_NET_OK ko da an riga an tayar da ita. Wannan na ƙarshen yana iya zama kamar tsanani, amma daidai ne: rubutun da ba a samu amsar shingensa ba, ba a da tabbacin ya zauna a faifan takwara, kuma sake kwafa KiB 4 da ba ya buƙatar kwafi ya fi arha a kan barin saɓani a ɓoye. A lokacin rushewa ne ake yanke hukunci: idan rubutu ne kuma babu RQ_LOCAL_OK ko babu RQ_NET_OK, sai a yi wa wurinsa alama a taswirar bit, inda kowane bit ke wakiltar KiB 4 na faifai, abin da ke nufin taswirar faifai mai TiB 1 tana cin MiB 32. Idan haɗi ya dawo, wuraren da ke da alama kaɗai ake kwafawa.

Wannan taswira tana maganin yankewar haɗi, amma ba ta maganin mutuwar na'urar da ke rubutu, domin tutocin da ke ƙwaƙwalwa da ita za su tafi. Don haka ake da rajistar wuraren aiki, wadda ke kasa faifai yanki-yanki na MiB 4, kuma ba a fara rubutu a wani yanki sai an adana lambarsa a faifai. Bayan na'ura ta farfaɗo, duk yankin da ke rajistar ana ɗaukarsa abin zargi a sake kwafa shi. Tarkon da ke nan shi ne mutum ya ga kamar ya dace a saki yankin da zarar faifan gida ya gama rubutu. Idan ka yi haka, yankin yana iya fita daga rajista tun takwara ba ta rubuta ba, na'ura ta mutu a wannan tsakanin, babu kuma wanda zai tuna akwai abin kwafawa a wurin. Saboda haka DRBD ba ya kiran drbd_al_complete_io sai a lokacin rushe buƙata, bayan sadarwa ta gama da ita.

Gazawar faifan gida ta fi sauƙi idan faifan ya fito fili ya ce ya gaza. Rubutu yana cin nasara a idon mai buƙata muddin ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya yi nasara, karatun da ya gaza a gida ana sake neman sa daga takwara, karatun share fage da kanel ke yi bisa hasashe kuwa ba a wahalar da kai a kansa. Saitin on-io-error ne ke faɗin ko a cire faifan daga aiki a ci gaba da dogaro da takwara.

Faifan da ya yi shiru shi ne babbar matsala. Ana iya daina jiransa, a tayar da RQ_LOCAL_ABORTED a sallami mai buƙata, amma ba a rushe buƙatar, domin faifan yana iya farkawa daga baya ya kira fankshin ɗin kammalawa a kanta. Mafi haɗari ma shi ne idan karatu ne, faifan da ya farka zai zuba bayanai a shafukan ƙwaƙwalwar da tuni aka mayar wa wani aiki. DRBD ya zaɓi ya tsayar da kanel gaba ɗaya idan buƙatar da aka yi watsi da ita ta dawo da nasara, kuma a ganina zaɓin ya dace, tunda na'urar da ta tsaya an san ta tsaya, wadda ƙwaƙwalwarta ta gurɓace kuwa za ta ci gaba da kwafa ɓarna zuwa takwararta. Saitin disk-timeout a kashe yake zuwa, kuma mai kunna shi ya kamata ya san wannan tukuna.

Gane amsa da rubutun da suka hau kan juna

Kowane ƙunshin rubutu yana ɗauke da lambar shaida wadda takwara za ta dawo da ita a amsarta, kuma DRBD adireshin buƙatar a ƙwaƙwalwa yake sakawa a gurbin block_id. Hanya ce mai sauri, sai dai ba a bin adireshin da ya shigo daga waje sai an tabbatar da shi. Ana duba shi a bishiyar da ke jera buƙatu bisa sektar farko da tsawonsu, idan babu buƙata mai wannan adireshi a wannan sekta, amsar ƙarya ce kuma haɗin ya lalace. Wannan bishiya ita ce kuma ke gano sabon rubutun da ya hau kan wanda bai kammala ba, sai a tsayar da sabon har tsohon ya wuce, don kada faifan gida ya rubuta su a wani tsari takwara ta rubuta su a wani. Idan na'urorin biyu duka suna rubutu, kamar yadda ake yi a ƙarƙashin OCFS2 ko GFS2, tsarin fayilolin da na'urori da yawa ke amfani da su tare, rikicin yana iya tasowa daga can, kuma nan ne ƙunshin P_SUPERSEDED da P_RETRY_WRITE suke shigowa. Wanda bai buƙaci wannan yanayi ba gara ya bar shi.

Sa ido da gwaji

Ka ajiye lokaci a kowane mataki na buƙata: shigowa, shiga rajistar wuraren aiki, miƙawa ga faifai, aikawa, amsa, da gamawar sadarwa. Agogon sa ido ba ya buƙatar bin dukan jeri, ya isa ya duba buƙatar da ta fi tsufa a kowane irin jira. A DRBD wa'adin takwara shi ne timeout, mai asalin daƙiƙa 6, a ninka da ko-count, mai asalin 7, wato daƙiƙa 42, bayan nan a yanke haɗin a ci gaba da faifan gida kaɗai. Amfanin wannan shi ne kama takwarar da ke amsa gaisuwar sadarwa lafiya lau alhali faifanta ya tsaya cik.

Waɗannan tutoci da ƙidayoyi su ne kuma abin da mai kula da na'ura zai karanta ranar da aiki ya tsaya, don haka ka fito masa da su. A /proc/drbd na jerin 8.4, lo yana ƙirga abin da ke jiran faifan gida, pe abin da ke jiran amsar takwara, ua abin da takwara ke jiran amsarsa daga gare mu, ap buƙatun sama da ba a sallama ba, oos kuma yawan KiB da suka saɓa. Idan ka ga lo:0 pe:12 ap:12 sun tsaya ba sa motsi, faifan gida ba shi da laifi, sai ka leƙa takwara. Idan a can ka tarar da ua da lo sun taru, faifanta ne ya riƙe aikin, idan kuma duk sifili ne a can, to matsalar tana kan hanya. Don ganin buƙatu ɗaya-ɗaya da tutocinsu da shekarunsu, akwai fayilolin in_flight_summary da oldest_requests a ƙarƙashin /sys/kernel/debug/drbd.

Hanyoyin gazawa ba sa gwada kansu, sai ka jawo su da gangan. Ka gina kanel da CONFIG_DRBD_FAULT_INJECTION ko makamancinsa a naka direban, ka sa dm-flakey a ƙarƙashin faifai domin ya riƙa gazawa jefi-jefi, dm-delay domin ya riƙa jinkiri, netem kuma a kan hanyar sadarwa domin jinkirta ƙunshi ko zubar da su, sannan ka kunna lockdep da KASAN su kama kuskuren makulli da taɓa gurbin da aka riga aka saki. Ka jinkirta faifan gida a wani zagaye, ka jinkirta takwara a wani, domin rahotanni su iso a kowane tsari mai yiwuwa, ka kuma yanke haɗi ana tsakiyar rubutu mai yawa. Bayan kowane zagaye ka dakatar da rubutu, ka tabbatar lo da pe da ua da ap duk sun koma sifili kuma jerin aikawa babu kowa, ka bar kwafi ya kammala, sa'annan ka gudanar da drbdadm verify ko ka gwada faifan biyu sekta da sekta. Idan oos ya nuna sifili amma gwajin ya gano saɓani, ka koma ka bi duk hanyar da buƙata za ta iya kaiwa ga rushewa da RQ_NET_OK a tashe ba tare da amsar shingenta ta iso ba.